Likita Cire-Takalmi da Ƙafar Saje Bulus

Duk wanda ya zauna Makera a shekarun tamanin, lokacin da jiniyar masaƙun Kakuri ke tashinmu da safe, ana layin sabulu da madara, ya san abin da zai tarbe shi in ya taka ƙofar asibitin tsohon Baturen nan. Kafin sannu, kafin yaya jiki, sai ka ji: "Cire takalmi!" Ciwon ido ya kawo ka? Cire takalmi. Haƙori ne? Cire takalmi. Gaisuwa kawai ka shigo yi? To, kai ka jawo wa kanka. Ni Rifkatu na yi masa aikin nas har ya rasu, ban taɓa ganin ya kalli fuskar mutum kafin tafin ƙafarsa ba. Sunansa na yanka kuwa harshenmu ya gwada ya gaji, muka bar shi da Likita Cire-Takalmi, shi ma ya amsa.

Ba na manta ranar da Alhaji Sule mai atamfa ya fara zuwa daga Unguwar Sanusi, ya sha babbar riga, takalminsa sai ƙyalli yake.

"Likita, kaina ke sarawa tun shekaranjiya."

"Cire takalmi."

"Kai na ce, Likita. Kai!" Yana nuna hularsa.

"Na ji. Shi kan, da kansa ya gangaro daga Unguwar Sanusi? Wa ya ɗauko shi?"

Alhaji ya cire yana tsaki. Likita ya danna idon sawun da ɗan yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tashi. Ashe hawan jini ne ya ci jikin mutumin bai sani ba. Tun daga ranar, Alhaji tun a bakin titi yake tuɓe takalmi ya riƙo a hannu kamar mai shiga masallaci, har yana yi wa sababbin zuwa faɗa in sun tsaya gardama.

A coci ma ba mu tsira ba. Bencin ƙarshe yake zama kullum, muna ta cewa kai, Baba Likita akwai tawali'u. Wane tawali'u! Daga can ne yake ganin diddigen kowa in an durƙusa. Ana tashi sujada zai tsaya a ƙofa yana tsintar mutane: "Ke, faso ya yi miki yawa. Gobe. Kai, farcenka ya shige nama. Gobe da safe."

Mutumin Ailan ne, wani tsibiri maƙwabcin Ingila, kuma in kana son ka ga Bature ya yi ja kamar gauta, ce masa ɗan Ingila. Wani malamin makaranta ya taɓa yin wannan kuskuren, har da ƙara cewa ai su ne suka mulke mu.

"Mu?" in ji Likita. "Ku kwana nawa suka yi a gidanku? Mu sun zauna mana har suka san inda muke ɓoye gishiri!"

"To me ya kai ka sojansu?"

"Ba su iya duba ƙafa ba. Dole wani ya je."

Yana saurayi, da gama karatun likita, babban yaƙin duniya ya kwashe shi, aka haɗa shi da sojojinmu da aka kai dajin ƙasar Bama, can ƙetaren teku. A can ya koyi Hausa, Hausar bariki, shi ya sa babu "don Allah" a cikinta, daga umarni sai umarni. A can kuma ya haɗu da mahaifina, Saje Bulus, wanda ke shugabantar masu ɗauko waɗanda aka harba. Baba ya ce a dajin nan ruwa ba ya ɗaukewa, mutum sai ya yi kwana da kwanaki ƙafarsa na cikin jiƙaƙƙen takalmi, matsattsaku na sha, fata na ruɓewa, kuma sojan da ya kasa tafiya a wurin nan nasa ya ƙare. Shi ya sa ko ana ruwan harsashi, da an samu sarari sai Likita ya jera su ya bi ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Har wani babban hafsa da ya zo rangadi sai da ya zaunar da shi a kan akwatin harsashi ya tuɓe shi gaban kurata. Hafsan ya ce, "Ka san ko ni wane ne?" Likita ya ce, "Daga gwiwa zuwa sama na sani. Daga nan zuwa ƙasa nawa ne."

Da aka gama yaƙi bai koma gida ba. Ya biyo mutanensa Kaduna, ya ci gaba da aikin soja, ya sake ganin wani yaƙin, wato na basasa, sa'annan ya ajiye kaki ya buɗe ɗan asibitinsa a Makera. A yaƙin basasar ne aka kawo masa Emeka, wanda yanzu kuka sani da Oga Emeka bakanike a Kakuri, an kamo shi daga ɗaya ɓangaren da rauni a sawu. Wani ya ce ai wannan abokin gaba ne. Likita ya ce shi dai bai taɓa jin ƙafa ta yi yare ba, a miƙo almakashi.

Shi Emekan ne ya zama mai jinyar takalmin Likita. Wayyo, takalmin nan! Tun na Bama ne fa, na soja, mai igiya har ƙauri. An yi masa faci a kan faci, ƙasan ya cinye an sake, ya cinye an sake, kullum da tsohuwar taya da Emeka ke yankowa.

"Oga Likita," in ji Emeka wata rana, "wannan ya tashi daga takalmi, mota ce. Ka bari in sa masa lamba."

"Ɗinka, ka rufe baki."

Matan zumunta na cocinmu suka ji kunya ta ishe su, a ce likitan unguwa guda yana yawo da taya a ƙafa. Suka haɗa kai suka sayo masa sabon takalmi baƙi wuluk a Kirsimeti. Ya buɗe kwalin, ya shinshina, ya lanƙwasa, ya ce, "Wannan bai taɓa zuwa ko'ina ba." Ya mayar ya ɗora a saman kabad ɗin magani. Nan kwalin ya zauna yana shan ƙura.

To, duk kudancin Kaduna mutum ɗaya ne ya gagare shi, shi ne ubana. Kullum la'asar Likita zai jingine kekensa a gindin mangwaron gidanmu su buga dara, kuma gaisuwarsu ɗaya ce.

"Saje, cire takalmi."

"Ranka ya daɗe, an sallame ni daga soja tuntuni. Je ka nemi kurata."

Mu yi ta dariya. Shekara da shekaru ana haka, har ciwon sukari ya kama Baba, har na fara lura yana ɗingishi in ya ga ba mai kallo. Ya koma wanke safarsa da kansa, mutumin da ko cokali bai taɓa ɗaurayewa ba. Yana kwana da safa. In ka zauna kusa da shi akwai wani wari da duk nas ta san shi, kuma ba ta son jinsa a gidan ubanta. Daga nan dariya ta ƙare mini. Mai sukari in gyambo ya kama masa ƙafa aka yi sake, ƙafar ce ke tafiya, wani lokaci har da mai ita. Ga shi Baba shi ke riƙe tutar 'yan mazan jiya a faretin kowace shekara, ba shi da abin alfahari a duniya da ya wuce wannan.

Na durƙusa har ƙasa. "Baba, don girman Allah ka bari in gani."

"Ke da na haifa? Tashi ki ba ni wuri."

"To ka bari Baba Likita ya gani."

Can ya ce, "Rifkatu, ni na riƙa danne masa mutane yana yanke musu ƙafa. Da hannun nan. Na san abin da ke biyo bayan cire takalmi."

Ranar na yi kuka, na kuma ji haushinsa kamar in yi me. Na je na kwashe duka na gaya wa Likita. Ya ɗauki hularsa ya hau keke ya nufi gidan Fada, limamin cocinmu.

Kun san al'adarmu ta Alhamis Mai Tsarki, kafin Ista, yadda Fada ke zaunar da dattawa goma sha biyu a gaban bagade ya wanke musu ƙafa, kamar yadda Almasihu ya yi wa almajiransa. Baba ya daɗe yana jin ciwon ba a taɓa sa shi ba, har yakan ce sai masu manyan gidaje ake gani. Ranar Lahadi katikis, mataimakin Fada, na karanto sunaye, sai ga Saje Bulus a farko. Jama'a suka juyo suna masa murmushi. Ta ina zai ƙi? Amma tsohon soja ba a kama shi da sauƙi. Ya je ya yi bincikensa, aka tabbatar masa ƙafar dama kaɗai Fada ke wankewa. Tasa mai ciwon ta hagu ce. Ya dawo gida yana fito.

Ranar Alhamis da yamma coci ta cika maƙil. Dattawa suka jeru a benci, kowa ya tuɓe dama. Baba ya miƙe tasa fes, har da kaɗa yatsu, ta hagu kuwa ya ɗaure ta tamau ya tura ƙarƙashin benci. Fada ya fito da tawul a ƙugu. Wa zan gani a bayansa riƙe da ƙatuwar buta? Likita! Mutumin bencin ƙarshe, wanda bai taɓa matsowa kusa da bagade ba. Na ga fuskar Baba ta sauya, amma ya dake.

Fada ya durƙusa. Likita ya tsiyaya ruwa a dama, Fada ya wanke ya goge. Shi ke nan, Baba ya ci, har ya ɗaga gira. Sai hannun Likita ya kama rawa. Hannun da ke ɗinke jijiya fa! Ya yi tangaɗi, ya sunkuya, ya juye butar nan kaf a cikin takalmin hagu, sai da ruwa ya yi ambaliya ta bakin safa.

"Ayya," ya ce da ƙarfi, coci duk ta ji. "Tsufa. Saje, ba a barin ƙafa a jiƙe. Kai ka koya wa kurata. Cire takalmi."

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, mawaƙa suka rikice. Baba ya kalli Fada, Fada ya kalli rufi. Ya kalle ni, na kawar da kai. Sai ya sunkuya a hankali ya kwance igiyar.

Dariyar ta ɗauke ɗif. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi, gefen ƙafar ya buɗe, ja ya fara hawa. Likita ya durƙusa a cikin ruwan da ya zubar, ya tallafi ƙafar da hannu biyu, ya karɓi tawul ɗin Fada ya naɗe ta. Ban taɓa jin ya yi magana a hankali ba sai ranar, ban kuma taɓa jin ya kira Baba da sunansa ba.

"Bulus. Tashi mu je."

Emeka ya riga ya kawo mota ƙofar coci, injin na aiki. Ashe har da shi aka ƙulla. A hanya Baba ya ce, "Ka samu abin da kake so. Sai ka ɗauko zarto."

"Waɗancan na yanke su don ana harbi, ba ni da lokaci," in ji Likita. "Yanzu fa? Ni tsoho ne. Ba ni da komai sai lokaci."

A babban asibiti likitan tiyata ya duba, ya faɗi gaskiyarsa, ya ce abin da ya fi tsaro shi ne a cire daga ƙasan gwiwa. Na san bai yi ƙarya ba. Likita ya roƙe shi, kuma wannan ne kaɗai roƙon da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce a cire mataccen yatsan kawai, a kankare ruɓaɓɓen naman, a bar masa sauran. Ya zaro biro daga aljihu ya ja layi a kan ƙafar Baba, sama kaɗan da inda jan ya tsaya.

"Nan ne bakin daga. In ja ya tsallake layin nan, ni da kaina zan dawo maka da shi."

Aka yi haka. Da aka sallamo Baba, Likita ya zo da buhu ya kwashe takalman gidan da ke shiga ƙafarsa, har silifan wanka, ya ɗaure a bayan keke. Baba na daga gado yana ihu, "Ɓarawo! A kama shi!" Safe da yamma yana zuwa, allura, wankin ciwo, sabon bandeji, sai ya sa tabarau ya duƙa a kan layin biron nan kamar mai neman allura a ƙasa. Ya hana sukari, ya rage tuwo. Alhaji Sule ya aiko da zuma mai kyau daga ƙauyensu, don Likita ya ce da ita zai riƙa cika ramin ciwon, dabarar da ya ce ta fisshe shi lokacin da magani ya yanke musu a daji. Baba ya bi kwalbar da ido.

"Yanzu zumar nan duk ƙafa za ta sha? Ni ko lasa?"

"Ita ke yaƙi. Kai kana kwance."

Akwai safiyar da muka kwance bandeji muka tarar ja ya taɓa layin. Bai tsallake ba, amma ya taɓa. Na fita bayan ɗaki na jingina da bango. Ranar Likita bai buɗe asibiti ba. Ya canja allura, ya sake kankare ciwon Baba na cizon matashi, ya jawo kujera ya zauna a gindin gadon har rana ta faɗi. Washegari ja na nan inda yake. Wanshekare ma haka. Sai wata safiya ina tsakar gida na ji wata irin ƙara daga ɗakin, kaji suka watse.

"Sun ja da baya! Nas! Zo ki gani, sun gudu!"

Na shiga da gudu na tarar da Bature tsoho yana taka rawa da almakashi a hannu, Baba na sara masa daga kwance, hawaye na bin kunnensa. Maƙwabta suka cika gidan, matan zumunta suka ɓarke da guɗa. Damina ta zo ta wuce kafin ramin nan ya cike, amma ya cike.

Saura fareti. Ana gobe za a yi aka gwada takalman Baba da aka dawo da su daga bauta, duk suka ƙi. Wannan ya matse tabon, wancan ya goge shi, Likita ya ce ko kusa. Baba ya zauna ya yi tagumi, ga kakinsa a goge, ga lambobinsa a jere. Likita ya dube shi, ya dubi ƙasa. Sai ya zauna a kan turmi ya fara kwance igiyar nasa takalmin.

Jama'a, ranar muka fara ganin ƙafar Likita Cire-Takalmi! Fara fat kamar ɓararren rogo, yatsun duk sun hau juna. Ya miƙa wa Baba takalmin Bama. Fatar ta yi laushi kamar tsumma saboda tsufa, ga faɗi, aka sa auduga, ƙafar ta zauna daram.

"Ya san hanya," in ji Likita. "Kai dai ka bi shi."

Shi kuma dole ya sauko da kwalin matan zumunta.

Da ma a ce kun ga Baba ranar! Tuta a sama, ƙirji a gaba, tayar Emeka na dukan kwalta, hagu, dama, hagu, ba ɗingishi ko na miskala. Rabin Makera sun tsallaka kogi don kallo. Alhaji Sule na ta kabbara, Emeka ya hau kan motarsa yana ihu, "Aikina ne a ƙafarsa! Aikina ne!" Ni kuwa ban ga rabin faretin ba don hawaye. Can a ƙarshen layin tsofaffin, ga Likita cikin sabon takalmi mai ƙyalli, yana tafe yana cije leɓe kamar mai taka ƙaya.

Ana sallamar fareti Baba ya miƙa tuta, ya tako har gaban Likita, ya ƙame, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Likita, ɗingishi nake gani?"

"Ba ruwanka."

Baba ya cika ƙirji da iska, ya saki muryar saje wadda ta sa har 'yan sanda suka waiwayo: "Cire takalmi!"

Wallahi ya cire. A bakin titi ya zauna, gaban kowa, diddigen duk ya saɓule. Ni na sa masa magani, Baba na tsaye a kansa yana cewa, "Gobe. Gobe da safe ka zo in duba."

Likita bai ƙara shekaru da yawa ba bayan nan. Ya kwanta 'yan kwanaki, ya tafi ba wahala, ya kuma riga ya ce a nan za a binne shi, kusa da mutanensa. Ranar jana'izar maƙabarta ta kasa ɗaukar jama'a, 'yan coci da 'yan masallaci, ma'aikatan masaƙa, 'yan kasuwar Kakuri, har daga unguwar Romi. Da aka zo saukar da akwatin, Baba ya matso bakin kabarin da ƙafafunsa biyu. Ya sunkuya ya kwance takalmin Bama, ya ajiye a kan akwatin, ya miƙe tsaye ba takalmi. Alhaji Sule ya tuɓe nasa. Emeka ya tuɓe. Fada ma ya tuɓe. Kafin in waiwaya, duk taron nan kowa na riƙe da takalminsa a hannu, ƙasa na ƙona mu, ba wanda ya motsa.

Baba Likita, ka bar ƙasarku ka zo ka durƙusa a gaban ƙafafunmu har ƙarfinka ya ƙare. Ubangiji ya karɓe ka, ya zaunar da kai, ya wanke maka naka gajiyayyun, ya ba ka hutu. Amin.